Jirgin Aduwa da Fasinjojinsa

Shekarun baya, lokacin ɗiyata ba ta ko shiga makarantar lakwal ba, maigidana ya dawo daga Abijan bayan doguwar tafiya. Ya bar ta a goye, ya iske ta tana gudu a tsakar gida. Da ya miƙa mata hannu sai ta ɓuya bayan zanena. Abin da ya fi cin raina, "baƙon nan" take ce masa. Ni kuma Allah ya yi ni da saka damuwa a rai. Damina ce kawai ta kawo shi, an gama girbi zai koma. Kullum ina tunanin zai tafi yarinyar ba ta ce masa Baba ba.

Ga ta ɗiyar fari, ba ya iya ɗaukarta yana lallashi a gaban mahaifiyarsa, kunya. Sai wata rana ya shigo da guntun iccen aduwa, ya ari gizago wurin masassaƙin unguwarmu a Tamaske, ya zauna gindin rumbu. Wai jirgin ruwa zai sassaƙa, bato inji shi, irin waɗanda yake yi wa dako a bakin teku. Surukata ta ce mu da ruwa sai an zura guga, ina za a tuƙa shi?

In ya taso daga gona sai ya hau aiki. Ya fafe cikin kamar akushi, ya yi masa ɗaki a bisa da jan iccen tsohuwar taɓaryata, ya kafa da ƙaya maimakon ƙusa. Yana kankare shi da fasasshiyar kwalba, ni ko ina bin ƙasa ina tsince ɓarɓashi kada yarinyar ta taka. Ita kuwa daga bakin ɗaki take leƙe. Na lura kullum tana ƙara matsowa, amma ko kallonta ba ya yi.

Da ya gama na ce a shafa masa sauran shuɗin fentin ƙofarmu. Ya ƙi. Ya nuna mini zanen da ke jikin iccen, layi-layi kamar rairayin kwari bayan ruwa ya wuce, ya ce wannan ba a rufe shi. Man aduwa zai shafa, sai ya tara ƙwallon ya fasa.

Ni fa na ga lokaci na tafiya. Da ya fita gona sai na yi masa abin da muke yi wa sabon akushi: na ɗebo man shanu na mulke shi tas, na ajiye a inuwa. Ya yi kyau kuwa, rawaya da ja suka fito yana sheƙi.

Kafin la'asar kiyashin garin nan duka sun ji labari. Layi suka yi daga gindin rumbu, suna hawa, suna shiga ɗakin bisa, suna fita. Yana shigowa na ce a raina yau na kashe aikin mutum. Ya tsaya yana kallo.

Sai ga yarinyar tsugune gaban jirgin. Ta waiwaya, ta kama bakin rigarsa ta ja.

"Baba, zo ka gani, mutane sun shiga. Ina za su?"

Ya tsuguna a hankali. "Abijan za su."

"Za su dawo?"

"Da damina, in sha Allah."

Surukata ta yi kamar ba ta gani ba, ta ce mini, "Ke kuma, man miyarmu kika ba baƙi?" Na shige madafa ina dariya ina share ido da bakin zane.

Da toka da rana muka kori kiyashin, daga baya ya shafa man aduwarsa. Har yau jirgin na bisa kayan jerena, ya yi duhu saboda hannu, bai taɓa shiga ruwa ba. Damuwa ba ta bar ni ba, haka nake. Amma in ta taso sai in tuna yadda ya zauna yana sassaƙa bai kira yarinyar ko sau ɗaya ba, har ta zo da ƙafarta. In ka kai shi hanci, har yanzu akwai ɗan warin man shanu.