Sista Saude da Tsintsiyar Inna Yelwa

Duk wanda ya taɓa sammakon kai mara lafiya ƙaramin asibitin ƙauyenmu, can bayan Bilbis, ya san abin da zai tarar: wata mace da tsohon zani, ta duƙa tana shara. Sista Saude ce, shugabar asibitin. Sai ta gama take sa fararen kaya ta fara duba masu ciki.

Sharar ba aikinta ba ce. Aikin Inna Yelwa ne, tsohuwar da gwiwa ta kayar saura shekara biyu ta yi ritaya. Da an ji labari a sama, sallamarta za a yi ta koma gida hannu rabbana, ga jikoki marayu uku. Shi ya sa Sista ta ɗauki tsintsiya, ta kama bakinta.

A daminar 1997 aka turo wani jami'i daga Gusau yana tantance ma'aikata. Ya iso da sassafe, ya tarar da ita cikin shara.

"Ke ta Yelwa mai shara?"

Sista ta durƙusa ta gaishe shi, ba ta musa ba. Ya yi alama a takardarsa.

"To, maza wanke hannu ki kira mani shugabarku."

Ta zagaya ta baya, ta sa fararen kaya da tabarau, ta fito. Mutumin ya miƙe tsaye har da cire hula! Ashe tsintsiyar ya kalla ɗazu, bai kalli fuskar ba.

"Hajiya, mai sharar ga taku akwai ƙoƙari."

"Shekara talatin tana yi, ranka shi daɗe," in ji Sista. Malam Bashiru mai ba da magani ya ce shi dai cikin ɗakinsa ya shige, don dariya ta kusa tona asiri.

Sista, ke ce kika karɓi haihuwar rabin ƙauyen nan, amma wannan shirun naki ya fi tsaya mana a rai. Ga shi bana, 1999, kin ajiye aiki wata ɗaya da Inna Yelwa, kowacce da mutuncinta. Mun gode, Allah Ya saka miki. Masu riƙe da kujera, ga abin koyi.

Na je na karanta wa Inna Yelwa rubutun nan a kan tabarmarta. Ta daɗe tana share hawaye, sannan ta ce, "Ku gaya mata na gode. Amma har yau ba ta iya share lungu ba."