Karen da Harisu Ya Bari

Ranar Talatar ta fara kamar kowace rana. Da aka idar da sallar asuba, Harisu, autan Malam Badaru, ya tsuguna a bayan zaure, ya cusa ƙwayar magani cikin lomar ɗumamen tuwo, ya miƙa wa karensa. Da hantsi suka tafi gonar gyaɗa, shi a gaba, karen a baya. Da azahar ya dawo ya gyara wa mahaifiyarsa, Larai, murfin akurkin kaji. Bayan la'asar ya hau babur zai kai wa wani irin gyaɗa a Zango. Motar kaya ta haɗu da shi a wata kwana. Kafin magariba an dawo da shi Baure a lulluɓe.

Shekarunsa ashirin da shida. Tun yana ƙarami yake da i'ina. A makaranta yara kan ƙarasa masa magana da abin da bai nufa ba, su kwashe da dariya. Da ya gama sakandare ya ƙi duk aikin da zai sa shi yawan magana, ya kama noma. Karen kuwa a bakin kwata ya tsince shi yana ɗan kwikwiyo, ya raɗa masa suna Ƙyale-su. Sunan nan bai taɓa sarƙe masa a baki ba.

Karen ba lafiyayye ba ne. Wata damina dasashinsa ya yi fari fat, ya kasa tashi, Harisu ya ɗora shi a babur har Daura. Likitan dabbobi ya ce jikin karen ne ke yaƙar jininsa kamar bai san nasa ba ne, kuma in ya ji rauni jinin ba zai tsaya ba. Harisu ya dawo ya yi wa ubansa bayani, kalma na fita da ƙyar. Malam Badaru bai jira ƙarshe ba. Abu ɗaya ya riƙe: kada a sa masa wuƙa.

Malam Badaru tsohon malamin firamare ne, bai taɓa son kare ba. Amma bayan addu'ar bakwai shi ya koma tsugunawa a bayan zaure da lomar tuwo a hannu. Da babu mai kai karen gona, sai ya shiga bin karnuka mata lungu-lungu. Rannan aka gan shi yana lasar bakin buta a ƙofar masallaci, a shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, lokacin da kowa a unguwa ya iya fatawa.

Sada, maƙwabcinsu, ya tare Malam Badaru a majalisa. "Malam, yaron naka bai yi aure ba, ashe ya bar maka jika mai ƙafa huɗu?" Aka yi dariya. "Ko a fiɗiye shi ya zauna wuri ɗaya, ko a wayi gari ya ci abin da ba zai sake tashi ba. Ka zaɓa."

"Likita ya ce kada a sa masa wuƙa."

Maharazu, wanda ke yi wa mutane dandaƙar raguna da bijimai, ya gyara zama. "Wa ya ambaci wuƙa, Malam? Mai fiɗiya ne ke yanka. Ni itace biyu ne nawa. A ɗora, a buga, jijiya ta mutu. Ko ɗigon jini ba za ka gani ba."

A gida Larai ta ce, "Malam, ka je wurin likitan ka tambaya mana." Bai je ba. Hanyar Daura ta kwanar da mota ta haɗu da Harisu take bi, kuma tun ranar bai yarda ya gan ta ba. Ya juya maganar a ransa yadda ya saba juya jimla a kan allo. An ce wuƙa. Itace ba wuƙa ba ne. Bai ga kuskure a ciki ba.

Karen ya ƙi yarda kowa ya matso, don haka Malam Badaru ne ya kira shi da sunansa, ya zo yana kaɗa wutsiya. Shi ya danne masa kai a ƙasa. Da aka gama, Maharazu ya buɗe tafukansa ya nuna wa jama'a. "Kun gani? A bushe."

Jinin ta ciki ya zuba. Washegari wurin ya kumbura, fatar ciki ta yi baƙi, dasashi ya koma fari. Malam Badaru ya kai masa lomar, bai ko sansana ba. Kafin la'asar ya mutu a bayan zauren.

"To, kowa ya huta," in ji Sada. "Har da kai, Malam."

Kayan Harisu ba su da yawa. Rigunansa an bai wa ƙannen Larai. Fartanya da galma wansa ya ɗauka. Abin da ya rage na babur, mai gwangwan ya kwashe. Karen da igiyarsa aka ja shi zuwa bayan gari, aka bar su tare. Tasar da yake cin abinci a ciki kuwa, matar Sada ce ta aiko a ba ta, ta ce ai silba ce mai kyau. Ta wanke ta sau bakwai, ta ajiye wa kajinta ruwa a ƙofar gida, daidai inda Malam Badaru ke wucewa in zai tafi masallaci.