Jimrau da Taɓaryar Hawa

Duk wanda ya taɓa sayen akuya a kasuwar bisashen Dakoro, da igiyar Jimrau ya ja ta gida. Yana nan ƙarƙashin aduwa da tarin kaba a gabansa, ya maƙale bakin igiya a babban yatsan ƙafa yana tufka. Dogo ne siriri kamar abin da yake sayarwa, magana kuwa sai ka rantse da mudu ake auna masa ita. Daga Bader Goula ubansa ya sauko da su, shekarar da fari ya share musu garke. Tsohon ya rasa shanu, igiyoyin ɗaure su kaɗai suka rage masa, sai ya kama sana'arsu, ya bar wa ɗansa.

Matarsa Hawa hura take yi. Gajera ce, ga murya, ga dariyar da ke tsallake katanga. Ranar aurensu mutane cewa suka yi an haɗa kurma da zabiya, ba za a kai kaka ba. Masu faɗin haka da yawansu nasu auren ya mutu ya bar na Jimrau. Sau biyu ta haihu, ƙasa ta karɓe duka. Daga nan gidan ya zama su biyu, sai turmi na uku.

Hawa ba ta yarda da inji ba in dai kirɓin hura ne. Takan ce hurar inji kamar gaisuwar maƙiyi take, ga laushi babu daɗi. Da hantsi za ta kafa turmi tsakar gida, Jimrau na gefe a kan buzu yana tufkar da zai fita da ita.

Ƙaninta Abdurrazak, mai gyaran babur a Maradi, shi ya kawo mata salula da wata irin rediyo a ciki.

"Wagga ba ta labarai, ba ta gaishe-gaishe," in ji shi. "Waƙa take zubowa muddin akwai kuredi, kuɗin waya ke nan, da rezo na sadarwa. Wadda kika so, ki bar ta ta ƙare. Wadda ba ki so, ki ture ta da yatsa. Tana lura da ke. Gobe sai ta kawo miki dangin wadda kika bari."

"Ashe ta hi mijina hankali," in ji Hawa. "Tun ina amarya nake ture miyar kuka, har yau kukar yake sayo mini."

Jimrau ya murmusa, bai ɗaga kai daga igiya ba.

Hawa ba ta zaɓen waƙa da kunne. Da taɓarya take zaɓe. Sai ta sa wayar cikin ƙwarya don murya ta ƙaru, ta kama daka. In kiɗa ya faɗi daidai da faɗuwar taɓarya, ya tsira. In ya yi gaba ya bar ta, ko ya tsaya jan ƙafa, ta miƙa bayan yatsa ta ture shi, ko da mawaƙin ɗan sarki ne. A hankali abin ya gane ta. Ya riƙa jawo mata waƙoƙi masu zafi daga ƙasashen da ko direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, ba su taɓa takawa ba, cikin harsunan da ba Hausa ba, ba Zabarmanci ba, ba Fillanci ba, ba na Buzaye ba. Ta jefa taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ƙugu na yin nasa aikin.

"Wai me yake cewa, wanga mai ihu?" Jimrau ya taɓa tambaya.

"Cewa yake ka tashi ka ɗebo mini ruwa."

Da damina masassara ta kama ta. An kai ta likita, an yi ƙarin ruwa, kwana ya ƙare. Mutuwa ba ta san mai dariya ba.

Uwarta, Uwale, ta zo zaman makoki daga unguwarsu ta zauna kamar dutse. Hawa ɗiyar fari ce, kuma tsohuwar irin mutanen da ce: tun da ta haife ta ba ta taɓa kama sunanta ba, ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. "Yarinyar can" take cewa, ko "mai hura". Ko a ranar ba wanda ya ga hawayenta. Mata suka yi ta yaba kunyarta, kamar kunya na cire ƙaya daga zuciya.

Da aka watse, Abdurrazak ya bar wa Jimrau wayar. Kowane hantsi sai ya sa ta cikin ƙwaryar nan, ya zauna a kan buzunsa ya rufe ido. Kiɗa na tashi, sai ya ji taɓarya a ciki, tim, tim, daidai inda take faɗuwa. Har sababbin waƙoƙi wayar ke kawowa, waɗanda Hawa ba ta taɓa ji ba, amma kowace ka ji ka san da ta bar ta ta ƙare. Abin da ya rage masa ke nan. Tufafinta an yi sadaka da su, kwanoninta dangi sun raba.

Wata rana, cikin masu zafin, wata sanyayya ta ɓullo, molo kaɗai da muryar wani mai kamar ciwon haƙori. Da Hawa ce, ba zai kai ga buɗe baki ba. Jimrau kuwa ta dace da abin da ke ƙirjinsa, ya bar ta ta ƙare. Kashegari biyu suka zo. Ya bar su. Kafin a gama girbi, ƙwarya ta koma gidan makoki, kiɗan nan mai zafi sai jefi-jefi.

Ya kira Abdurrazak. "Wayar nan ta lalace."

"Lahiyarta lau, mijin yaya. Kai take koyo. Ta duba ta ga mai ita ya zama gwauro mai tagumi, shi ne take taya ka."

"A mai da ita yadda take."

Abdurrazak ya bar wasa. "Ni dai ban san wurin da ake taɓawa ta koma ba. Sai dai ka riƙa zaɓe yadda take zaɓe, tun abin bai gama mance ta ba."

Jimrau ya gwada da kunne. Ya ture masu sanyi, ya bar masu zafi. Sai wayar ta shiga kwaso masa hayaniya iri-iri, wasu na gudu kamar an kunno wuta a daji. Zafi ne, amma ba na Hawa ba. Ya gwada buga gwiwa da hannu, gwiwa ta yarda da kowace waƙa. Nan ya gane alƙalin ba kunne ba ne. Alƙalin na jingine a bayan ɗaki, gara ta fara lasar gindinsa.

Ya jawo turmi, ya zuba hatsi, ya ɗauki taɓarya.

Namiji da furfura a gemu, yana daka tsakar gida da rana tsaka! Rabin hatsin a ƙasa ya ƙare, kajin maƙwabta suka yi salla. Matan unguwa kuwa, waɗanda ba su taɓa leƙo shi da ɗan tuwo ba tun da aka share makoki, sai ga kawunansu jere a kan katanga. Labari ya riga shi isa kasuwa.

"Amarya, a dama mana da nono mai kauri!" in ji wani dillalin raƙuma.

"Ku bar shi, zane kawai ya rage a ɗaura mishi," in ji wani na gefensa.

Jimrau ya miƙa wa mai saye igiyarsa. Ba gorin ke cin sa ba. Abin da ke cin sa, ya san dakan nasa ba ya kama da nata. Hannunsa dogo ne, taɓarya na daɗewa a sama, ga shi ba ya jimawa sai kafaɗa ta ɗauki wuta. Kullum wayar na ƙara nisa da matarsa, kuma da hannunsa yake korar ta.

Ana nan sai ga Uwale da sandarta, ba aike ba sanarwa. Tun da ya auri ɗiyarta ba su taɓa haɗa ido ba. In ya hango ta a hanya, sauya lungu yake. Ya saki taɓarya, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Kai wane," in ji ta, tana duban katanga, "an ce ka zama mace. Na ce bari in zo in gani, ko a kai maka lalle."

Kansa a ƙasa, ya faɗa mata komai, da guntayen kalmominsa. Yadda wayar ta san dakan mai hura. Yadda take mance shi.

Tsohuwa ta dubi turmin da hatsin da ya zube. Can ta jingine sanda.

"Wa ya koya mata dakan, kai ko ni? Kauce. Ka riƙe abin naka, in na ce ture, ka ture."

Ta tofa a tafi, ta ɗaga taɓarya. "Ture. Ture wanga ma, mahaukaci ne. Bar wagga."

Kashegari ta dawo, wai ta mance goronta. Jibi ma ta dawo, ba ta ko nemi dalili ba. Kawunan kan katanga suka ɓace, don ba mai son bakin Uwale. Ganguna suka fara komowa cikin ƙwarya, masu daɗi, masu sa ƙafa motsi. Jimrau ya koma kan buzunsa da kaba.

A nan ne hannunsa ya gaya masa abin da bai so ji ba. Zamanin Hawa, duk faɗuwar taɓarya murza ɗaya yake yi, tafinsa ya saba har ba ya tunani. Yanzu sai ya murza, ya tsaya jira, sannan taɓarya ta sauko. Salon ɗaya ne, hannun da ya koya wa wancan ne, amma tsufa ya sha ƙarfinsa. Wayar ba Hawa take tunowa ba. Uwale take koyo.

Ya ƙudura zai faɗa. Kullum sai ya bari sai gobe.

Wani hantsi wata sabuwar waƙa ta shigo, mata na amshi, kalangu na tafe a natse. Uwale ta bi ta da daka, har ta gwada sakin taɓarya ta tafa sau ɗaya. Sai ta tsaya, ta dogara a kanta tana haki, ruwa na bin tamojin fuskarta.

"Wagga ce," ta ce. "Haka Hawa ke daka. Hawa tawa."

Jimrau bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Yatsansa na kan wayar. Ya san da mai ita na nan, da tuni ta ture wannan ta ce kiɗan tsofaffi ne. Ya kuma san in ya bar ta ta ƙare, gobe danginta za su zo, jibi dangin danginta.

"Ko ba haka ba, wane?"

Ya janye yatsansa.

"Haka ne, Inna."

Ta share fuska da gefen mayafi ta koma daka. Jimrau ya ɗauki kabarsa, ya rage saurin hannu, har murzarsa ta yi daidai da taɓaryar tsohuwa.