Souleymane, an karɓi facinka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, tara ga Satumba, 2024, cikin watan Mauludi, Allah Ya karɓi ran abokin aikina Souleymane Laouali, ɗan Damagaram, a nan Dubai, bayan ɗan ciwon ƙirji da shi kansa ya ɗauka gajiya ce. Washegari muka yi masa sallah muka kai shi. Tun daga ranar nake cewa zan rubuta wani abu, in zauna, in kasa. Yau ma ba ƙarfi na samu ba, na gaji da ɗagawa ne kawai.

Souleymane, shekaru muka yi tebur da tebur a kamfanin jigilar kaya da muke wa aiki a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, kai kana kula da rumbun bayanai, ni ina kula da manhajar da 'yan kasuwa ke duba kayansu. Ni Bakano, kai Badamagare, don haka ba mu taɓa gaisawa lafiya lau ba. Kullum sai ka ce, "Ɗalhatu, bawana, ka iso?" In ce maka bawa dai ya san kansa. Kai ka nemo mini ɗaki a unguwar Deira lokacin da na zo ban san kowa ba, kuma kai ka raka ni asibiti ranar da matata ta haihu, ka yini a kan benci kana yi mini surutu da Faransanci don kada in yi tunani. Yanzu nakan shiga ofis ba wanda ya tsokane ni, in yini lafiya, kuma ba na jin daɗin lafiyar.

Akwai alherinka da yawa, amma wanda ya cinye ƙarshen kwanakinka shi nake so mutane su sani.

A rumbun bayanai akwai abin da muke kira tiriga. Ɗan umarni ne da ake ɗaura wa teburin bayanai, da zarar an canza wani abu a teburin sai ya tashi da kansa ya yi aikinsa. Abokiyar aikinmu Najiba, 'yar Zariya, ita ta rubuta wanda ke aika wa ɗan kasuwa saƙo idan kayansa sun fito. Umarni ɗaya ta rubuta, ta ɗaura shi a tebur biyu, na kayan jirgin ruwa da na kayan jirgin sama, kuma haka ƙa'ida ta yarda a yi. Sai ga shi a tsakiyar zafin bana saƙonni sun fara zuwa wa waɗanda ba su ba. Mutum yana shagonsa a kasuwar Naif, a ce masa kwantenarsa ta fito, ya ɗauki hayar mota da 'yan dako ya taho har Jebel Ali, ya tarar kayansa suna kan teku. Wata Hajiya mai sarin takalma ta zo ofis ta wanke mu tas, kuma ba wanda ya iya ɗaga kai, domin da gaskiyarta.

Kai ka tsayar da ɓarnar. Ka raba umarnin Najiba gida biyu, kowane tebur da nasa, saƙonni suka daidaita. A nan kuma aka yi kuskuren da sai mu masu wannan sana'a muke yi: an taɓa aikinta, matsala ta tafi, saboda haka aikinta ne matsalar. Manaja ya ce khalas, wato shi ke nan, an gano. Kwantiragin Najiba na gab da ƙarewa, ya ce ba za a sabunta ba. Duk wanda ke zaune a garin nan ya san abin da hakan ke nufi. In aiki ya tafi, biza ta bi shi, ga ɗanta a makaranta, ga mahaifiyarta da ta kawo ana yi mata wankin ƙoda.

Na tuna yadda ka tsaya a ƙofar ofishin manaja ka ce, "Ni na kauce wa ramin ne, ban cike shi ba. Abin da ta rubuta daidai ne. Sabar ce take kuskure." Ya yi dariya. Sabar, wato manhajar da ke tafiyar da rumbun bayanan, wadda dubban kamfanoni ke aiki da ita a duniya, ita ce za ta yi kuskure, ba ma'aikaciyarsa ba? Ya ce in masu sabar da kansu suka amsa laifin kafin kwantiragin ya ƙare, zai sake dubawa. Ya faɗa ne don ka tafi.

Ba ka tafi ba, ka zauna. Kamfani ya riga ya huta, ba wanda ya sa ka, ba wanda zai biya ka. Ka buɗe cikin sabar kanta, domin irin wadda kowa ke iya karanta rubutunta ce, kana bi layi layi har idonka ya yi ja. Na sha ce maka, "Badamagare, tashi mu ci abinci, wa zai saurare mu a can?" Sai ka ce, "Attends, shwaiya," wato in ɗan jira, ka ci gaba. Ranar da ka gano, ba ka yi murna ba, ka jingina da kujera ne kawai ka kira Najiba ka nuna mata. Ashe sabar takan haddace jerin guraben teburin da ya fara tayar da umarnin, to in tebur na biyu ya tayar da shi kafin manhajarmu ta rufe haɗinta da sabar, sai ta yi aiki da tsohuwar haddar. Sai ta ɗauko lambar waya daga gurbin da ba shi ba. Shi ya sa wani lokaci abin ya faru, wani lokaci ya ɓuya. Najiba ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce, "Yaya Sule, ashe ban haukace ba."

Ka rubuta gyaran, abin da muke kira faci, ka aika wa masu kula da sabar. Mutane ne masu tsanani, kuma da hujjarsu. Suka dawo da shi, suka ce bai rufe wata kafa ba. Ka gyara ka mayar. Suka ce saura gwajin da zai nuna kuskuren kowane lokaci, a kowace na'ura, ba sai an yi sa'a ba. Kana cikin wannan ne ka fara dafa ƙirji kana cewa iskar na'urar sanyaya ɗaki ce.

Al'adarsu ita ce, in mai faci ya yi shiru, sai a ajiye aikinsa gefe a wuce. Bayan sadakar uku na buɗe shafin masu sabar na ga an rubuta ana jiran amsarka. Ni na rubuta musu cewa ka rasu. Ban taɓa rubuta imel mai nauyin wannan ba, kuma layi biyu ne kawai. Najiba ce ta ƙarasa gwajin, tana yi tana share hawaye da gefen mayafi, ta ƙi sa sunanta ko a ƙasa. A makon jiya suka karɓa. Suka rubuta cewa kuskuren na sabar ne, ya daɗe a ciki, suka sa sunanka a matsayin wanda ya gano ya kuma gyara. Na kai wa manaja. Ya karanta, ya sa hannu a takardar Najiba. Bai ba ta haƙuri ba, mu ma ba mu da sauran ƙarfin nema.

Ya Allah Ka jiƙan Souleymane, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa tsayuwar da ya yi wa baiwarKa ta tsaya masa ranar da ba mai tsaya wa wani. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa da 'yan'uwansa a Damagaram, da jama'ar Nijar mazauna Dubai, da 'ya'yansa Ummi Kulsum da Mero. Allah Ya raya su, Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ke kuma Nafissa, matar ɗan'uwana Souleymane, kin tambaye ni a wurin zaman makoki me ya riƙe shi duk Asabar ɗin nan, har ya yi ta ɗaga wa yara alkawarin kai su garin Hatta su ga ruwan madatsa. Na kasa ba ki amsa a ranar. Ga amsar nan na rubuta, kuma ban ce ta isa ba. An sabunta wa Najiba biza, mahaifiyarta za ta ci gaba da samun magani. Ku kuwa zamanku a kan bizarsa yake, na san bayan takaba gida za ku koma. Kafin ku tafi, in kin yarda, ni da iyalina za mu kai yaran Hatta.