Ƙafar Kaftin Tsawa

Obadiah mai fenti maƙwabcin shagona ne a bakin kasuwar Kafanchan. Shi yana rubuta allunan shaguna, ni ina fotokofi. Mutum ne da ko zazzaɓi ya kayar da shi, sai ya ce hutawa yake yi.

Burinsa ɗaya a duniya: a karanta ɗan littafin zanen da yake fitarwa duk wata, labarin Kaftin Tsawa. Kaftin ɗin nan, gemu da hanci duk na Obadiah ne, tumbin kawai aka cire. Harsashi ba ya huda shi, yunwa ba ta kama shi, ko uwa ba shi da ita balle ya ji tsoronta. Ɓarayi su fito a shafi na biyu, a na uku ya gama da su, sauran shafukan kuma yana tsaye kan dutsen Kagoro yana baje ƙirji. Abin haushi! Ni nake buga masa, ni kuma nake ganin masu ƙosai suna ƙunshe kaya da shi.

Na ce masa, "Baban Faustina, ka bari a kwaɗa masa sanda ko sau ɗaya mana. Wa zai damu da wanda ba abin da zai same shi?" Ya ce wai mu mata ba mu san jarumta ba.

Bara yanar ido ta fara rufe masa gani. Asibiti? Ina! Wai idonsa garau. Zanen ya fito Kaftin da ƙafa ɗaya gajera, kafaɗa a karkace, baki kamar mai cije ciwo. Na buga hakanan.

Jama'a, sai ga 'yan acaba cike da ƙofar shagonsa, kowa da littafi a hannu. "Oga, wa ya karya Kaftin? Zai tashi kuwa? Yaushe na gaba zai fito?"

Abin da ya yi shekaru yana nema ke nan. Ya fizge littafin, ya kai shi dab da hanci, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Injin matar nan ne ya ɓata shi."

Wata na gaba ya ɗora takarda kan tsofaffin zane-zanensa, ya bi layi, Kaftin ya miƙe sambal. Ko mutum ɗaya bai tambaya ba.

Yana nan zaune a ƙofar shago yana jiran 'yan acaban su dawo. Kullum ta gabansa suke wucewa, ba ya ma gane su.