Mangwaron Baba Manga

Baba Manga masinja ne a wani ofishi a nan Jalingo har ya yi ritaya, amma in ka tambayi 'yan unguwarmu wane ofishi ne, rabinsu ba su sani ba. Mangwaro kowa ya san shi da shi. A bakin kogin Lamurde, inda ruwa ke kwanciya da rani kamar tafki, akwai wani fili na gwamnati, kuma shi ya dasa bishiya goma sha huɗu a ciki. Daga Lau ya zo da ƙwallayen a aljihu, shekarar da ya kama aiki. Shekara uku yana ɗebo ruwa da garwa yana ba su, ya kewaye kowacce da ƙaya saboda awaki. Aka yi ta tsokanarsa, wai Bafulatani ya rasa shanu ya koma kiwon itace. Ya ji, ya yi murmushi, ya ci gaba da abinsa.

A wurinmu ƙasa daban, bishiya daban. Fili na kowa ne, amma bishiya ta wanda ya dasa ce. Duk da haka bai taɓa sayar da ko kwando ɗaya ba. Mata na shanya rogo da wanki a gefen inuwar, 'yan acaɓa na hutawa, ran Sallah da ran Kirsimeti wurin ya cika maƙil. Shi kuwa kullum da hantsi yana can da wata doguwar gora mai ƙugiya a baki, yana duba rassa ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai mutumin yana da kunya irin ta Fulanin da. Ka ba shi abinci, ya ce ya ƙoshi. Ka sake, ya ce wallahi yanzu ya ci. Sai a na uku zai wanke hannu. Ka taka masa ƙafa ma "ba komai" zai ce, sai ka nace kafin ya yarda da zafi. Duk wanda ya san shi ya san sai an tambaye shi sau uku. Ni Saleh na fi kowa sani, domin aminin marigayi mahaifina ne, kuma a kwano ɗaya na ga suna cin tuwo shekara da shekaru.

Bara wani kulob na manyan ma'aikata da 'yan kasuwa ya nemi a ba shi aron filin, ya kewaye ya gyara. Aka ce su fara jin bakin unguwa. Aka kira taro ran Asabar da safe a firamaren da nake koyarwa, ni ne kuma sakataren ƙungiyar unguwa, mai riƙe da biro.

Alhaji Ashraf, wakilin kulob, ya iya magana, kuma ba ƙarya ya yi ba. Gefe ɗaya na filin ya zama juji, 'yan shaye-shaye sun mai da ɗaya gefen ɗakinsu, kogi na cin gaɓa duk damina. Ya ce za su gina gaɓar, su sa fitilu, su ɗauki matasanmu aiki. Na gyaɗa kai har wuyana ya gaji. Ina goyon bayansu da gaske. Amma kwana biyu kafin taron ya ce mini sakatare zai samu katin shiga na girmamawa, kuma wannan ma yana cikin gyaɗa kan.

Alisabatu, mai sayar da kunun gyaɗa a ƙarƙashin bishiyoyin, ita ta miƙe.

"Alhaji, datti ne matsala? To kawo mana tsintsiya! Yaro ya yi datti ana wanke shi ne, ba a ba maƙwabci shi kyauta. Mu da ba mu da kati, ina za mu sha iska?"

Aka yi dariya, aka yi hayaniya, kowa na jan nasa. Daga ƙarshe mai unguwa ya ɗaga hannu. Ya ce ƙasa ba tamu ba ce, amma bishiyoyi suna da mai su. In mai su bai yarda ba, katanga ta tsaya daga juji zuwa gaɓa, ta bar wajen mangwaro a buɗe. Alhaji Ashraf ya ce ya amince da haka. Sai mai unguwa ya dube ni.

"Malam Saleh, kai ne ɗansa. Tambaye shi."

Baba Manga na zaune a bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa kai ƙirjinsa, hularsa a hannu. Na sunkuya.

"Baba, kana da ja a kan maganar?"

Ya dubi ƙasa. "Ba komai, ɗana."

Na rubuta cewa mai bishiya bai da ja. Alisabatu ta daka mini tsawa daga baya: "Malam Saleh, sake tambayar shi mana! Kai ba ka san shi ba ne?" Na ce lokaci ya tafi, azahar ta gabato. Mai unguwa sabon zuwa ne a kujerar, bai san halin tsohon ba. Alhaji Ashraf ma bai sani ba. Ni na sani. Shi ya sa har yau in na tuna da rufe littafin nan da na yi, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wata biyu aka gama katanga, da ƙofar ƙarfe da mai gadi. Alisabatu ta koma bakin titi da bokitin kununta, ta kuma daina amsa gaisuwata. Baba Manga bai taɓa zuwa ƙofar ya roƙi a bar shi ya shiga ba. Mutumin da ba ya iya cewa a ƙara masa miya, ina zai iya wannan? Ya koma zama a gindin wani shago daga tsallaken titi, inda ake hango kawunan bishiyoyin ta saman katanga. Ni kuwa na canza hanyar zuwa makaranta.

Gab da damina ya yi sallama a ƙofar gidana, da gorarsa mai ƙugiya. Na ce a raina yau za a yi ta. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙo mini gorar.

"Saleh, na ji kai suna bari ka shiga. Ta uku daga bakin ruwa, kauci ya kama ta a reshen gabas. In ba a cire ba kafin ruwa ya sauka, zai shanye ta. Ka ja a hankali, kar ka ɓalle reshen."

Abin da ya kawo shi ke nan. Na karɓa da hannu biyu. Amma sai da gorar ta yi sati biyu a jingine a zaure, don ina jin nauyin a gan ni da ita a tsakiyar manyan motoci. Ranar da na daure na je, na ƙirga daga bakin ruwa: ta ɗaya, ta biyu, sai kututture. An sare guda uku har da ita, an zuba tsakuwa, an ja farin fenti na ajiye mota.

Na tsallaka titi na same shi a gindin shagon. Bakina ya riga hankalina.

"Baba, na cire."

Ya karɓi gorarsa ya kwantar a gefen ƙafa. "Useko," ya ce, wato ya gode. Sai ya ɗaga kai ya dubi saman katanga, ni ma na bi idonsa. Daga inda yake zaune giɓin a fili yake, sararin sama fes a tsakanin ganye. Ya fi kwana goma yana kallonsa.

Na durƙusa a gabansa, a bakin titi, mutane na wucewa.

"Baba, na ɓata maka rai ko?"

"Ba komai, ɗana."

"Don Allah, Baba, ka faɗa mini."

"Wallahi ba komai."

Ya gyara zama, ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Jira yake yi. Saura tambaya ɗaya, mu biyu duk mun sani. Na buɗe baki, na rufe. Na ce masa ana jirana a makaranta, alhali ran Asabar ce.