Kir Lefteris, Wa Zai Buɗe Mini Lamba Tara?

Ranar Talata, huɗu ga Maris, ina shan kofi a bakin titi ƙararrawar coci ta buga, aka ce Kir Lefteris, wato Malam Lefteris mai kantin magani, ya rasu. Ni Tanasis, da makaranta ta gaji da ni tun aji huɗu, yau ga ni da alƙalami saboda kai. Ka yi haƙuri da rubutun.

Duk unguwar Metaksurgiyo ta san haukarka. Yaran nan masu zane a bangon mutane ba izini su arce, kai ne mai bin su kana tara bugun zanen da suke fitarwa a takarda, 'yan ƙalilan, kowanne da lambarsa. Kakan ce hukuma tana shafe bango, amma ba ta shiga durowarka.

Ɗana Stratos yana cikinsu. Da ya zana fuskar uwarsa Evdokiya a bangon tsohuwar masaƙa, ya buga talatin a takarda, ka kawo mini ɗaya, lamba tara, har gida. Na ce, "Ina da ta gaske a kicin, tana yi mini faɗa kyauta." Ka ce, "Kai dai jaki ne, Tanasis," ka naɗe abinka.

Evdokiya ta rasu. Aka rushe masaƙar, aka gina otal. Na roƙi Stratos ya ƙara bugo ɗaya, ya ce, "Baba, an wanke rariyar da na buga zanen da ita. Talatin na faɗa wa mutane, in na ƙara na zama maƙaryaci." Yaron da bai taɓa jin tsoron ɗan sanda ba, a kaina gaskiyarsa ta tashi.

Kai ka ce in riƙa zuwa ranar Lahadi. Sai ka shimfiɗa lamba tara a tebur, ka kore hannuna mai maiƙo, ka ƙirƙiri aiki a kicin don kada ka ga ƙato yana kuka. Ka sha cewa in tafi da ita, ina cewa rufina yana yoyo. Yana yoyon, amma hirarka nake so.

Yanzu na ji wani Bajamushe zai saya ya kwashe durowar gaba ɗaya.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi. Fotini 'yar Lefteris, Allah ya ba ki haƙurin rashin mahaifi. Na san ba a roƙo a gidan makoki, amma kunyata ta ƙare: kafin a rufe akwatin Bajamushen, ki bar mini matata.